Jikina Ne Ya Ba Ni: Liƙe-liƙen Takarda a Aji da Falsafar Gani

Wata Talata cikin hunturun da ya wuce na leƙa wani aji a wata ƙaramar sakandare a cikin birnin Katsina, inda wani tsohon ɗalibina yake koyar da darasin fasaha da al'adu. Na iske ya ture bencina jikin bango, ya shimfiɗa tabarmi, ya zazzage buhu guda na tarkace a tsakiya: ƙyallayen atamfa da shadda da ya roƙo wajen teloli, takardar buhun siminti, tsofaffin kalandu, katin waya da aka riga aka kankare, ledar Maggi, ɓawon gyaɗa da guntayen jar fata. Kowane yaro kwali ɗaya. Gam kuwa sitaci ne aka dama a gwangwanayen madara. Umarninsa gajere ne: kowa ya ɗauki abin da idonsa ya tsaya a kai, kuma kada wanda ya ƙudurta tun farko cewa gida zai yi ko mota.

Can gefen taga akwai wata yarinya da ta daɗe tana yawo da wani siririn ƙyalle kore a kan kwalinta. Ta ajiye shi sama, ta ɗauke. Ta kwantar da shi a karkace, ta ɗauke. Malamin ya tsaya a kanta ya ce, "Mi kike haɗawa ne?" Ta ce, "Malam, ni ma ban sani ba tukun. Nan dai bai zauna ba." Jim kaɗan ta cusa shi ƙarƙashin takardar siminti, rabinsa ya ɓuya, ta ce, "Yauwa." Ya ce, "Wa ya ce maki nan ne wurinshi?" Ta rufe baki da gefen hijabi tana dariya: "Jikina ne ya ba ni."

Da a takardar jarrabawa ta rubuta wannan amsa, sifiri za ta kwasa. Amma wasu manyan masana falsafa na Jamus da Faransa sun ƙarar da shekarunsu suna tono abin da ke ƙunshe cikin irin wannan magana, kuma a yau masu nazarin koyar da fasaha kan jingina aikin liƙe-liƙe da falsafarsu. Jinginar tana da gaskiya, sai dai akwai inda masu yayata ta suke wuce gona da iri.

Littattafan makaranta suna kiran aikin kolaj, daga wata kalmar Faransanci mai nufin mannawa. A tarihin zanen Turai daga 1912 ake fara lissafinsa. A shekarar ne mai zane Pablo Picasso ya yanko wani ƙyallen shimfiɗar tebur mai hoton saƙar kujera, ya manna a jikin zanensa, ya zagaye allon da igiya. Bayan 'yan watanni abokinsa Georges Braque ya ga takardar ado ta bango mai kama da katako a wani kanti a kudancin Faransa, ya saya, ya yayyanka, ya liƙa, sannan ya yi zane da gawayi a kai. Daga 1919 Kurt Schwitters na Jamus ya riƙa tsintar tikitin mota da takardun da aka yar a titi yana haɗa su. Wanda ya fi tuna mini da yarinyar nan shi ne Henri Matisse. Bayan tiyatar da aka yi masa a 1941 tsayuwa gaban allo ta yi masa wuya, sai ya koma yankan takardu masu launi da almakashi, mataimakansa suna kafa su a bango da fil, yana cewa a matsa nan, a sauke can, wani lokaci kwana da kwanaki, har sai abin ya kwanta masa.

Me ya raba wannan da zane na fensir ko fenti? Mai fenti yana farawa da farin allo, launin kuma sai yadda ya yi da shi. Mai liƙe-liƙe kuwa kayansa sun zo da halinsu. Takardar siminti tana da kaushinta da tambarin kamfani, ƙyallen atamfa ya zo da rabin fure wanda almakashin tela ya datse. Ba ka da ikon mai da su abin da ba su ba. Kai ka faɗi taka, su ma su faɗi tasu, ciniki ake yi.

Yadda aka saba koyar da shi a makarantunmu ya kashe wannan ciniki. Malam zai rubuta ma'anar kolaj a allo, ya jera kayan aiki, ya jera matakai, yara su kwafa su haddace. In an yi sa'a aka kai ga aiki, sai a zana kifi ko taswirar Najeriya, a ce a cike ciki da gutsattsarin takarda. Wannan shafa launi ne kawai, takarda ta maye gurbin fenti. An san ƙarshen aikin tun ba a taɓa gam ba. Hanyar da tsohon ɗalibina ya bi ta juya tsarin: hannu ya fara, ma'ana ta biyo baya, in ma za ta zo.

Falsafar da ake danganta wannan da ita sunanta finominoloji, wato nazarin yadda abu yake bayyana ga mai fuskantarsa. Wanda ya kafa ta, Edmund Husserl, an haife shi a 1859, kuma lissafi ya fara karantawa kafin ya koma falsafa. Kiran da ya yi a farkon ƙarni na 20 shi ne a koma ga abubuwan su kansu, a daina tsayawa kan bayanan da aka gada game da su. Ɗauki hasumiyar Gobarau. Duk inda ka tsaya, gefe ɗaya ko biyu kake gani, amma ba ka taɓa jin wani ya ce ya ga rabin Gobarau ba. Bayanta da ba ka hango ba yana cikin ganin naka, kana sauraron sa, ka san in ka zagaya za ka same shi. Kenan gani ya wuce hoton da ya faɗa cikin ido. Akwai tsammani a cikinsa, akwai tunawa, akwai inda ƙafarka take tsaye. Domin a iya lura da waɗannan, Husserl ya ce sai mutum ya jingine hukuncin da ya saba yankewa a kan abu. Ba ƙaryata shi zai yi ba. Ajiye shi zai yi a gefe na ɗan lokaci, kamar yadda ake tuɓe takalmi a bakin zaure, ya duba abin da ya rage.

Nan ne dangantakar farko take. Katin wayan da aka kankare sunansa shara, kuma da zarar ka kira shi shara ka gama ganinsa. Yaron da aka ce ya ɗauki abin da idonsa ya tsaya a kai, kada ya damu da amfaninsa, shi yake gano cewa wannan sharar rawaya ce mai sheƙi, tana da wani ɗan layi ruwan toka da farce ya karce, kuma in ta kwanta kusa da jar fata sai jar ta ƙara ja. Sunan ya ja da baya, abin ya fito.

Sai dai ban yarda da masu cewa yaron yana aikata abin da Husserl ya koyar ba. Na Husserl horon tunani ne mai tsanani, na zama da alƙalami ana bin diddigin yadda hankali ke kama abu. Ya rasu a 1938 ya bar rubutun hannu kusan shafi 40,000, waɗanda aka fitar da su daga Jamus zuwa Beljiyam don kada 'yan Nazi su hallaka su. Yarinya mai sitaci a yatsu ba wannan take yi ba. Akwai 'yan'uwantaka tsakaninsu, amma kama da wane ba ta wane. Sannan ita ba ta taɓa ganin koren ƙyallen nan tsurarsa ba. Mai yiwuwa ta san atamfar, wataƙila ankon bikin wata 'yar unguwarsu ce. Maurice Merleau-Ponty, Bafaranshen da ya ɗora a kan aikin Husserl, ya faɗa a gabatarwar babban littafinsa na 1945 kan yadda ake tsinkayar abubuwa cewa babban darasin wannan jinginewa shi ne ba ta yiwuwa ɗari bisa ɗari.

Shi Merleau-Ponty ɗin ne ya fi kusa da abin da na gani a kan tabarma. Hujjarsa ita ce jiki ba jakar da hankali ke zaune a ciki ba ne, shi kansa masani ne. Ya ba da misalin makaho da sandarsa: in ya saba da ita, ba sandar yake ji a tafin hannu ba, ƙasar da bakinta ya taɓa yake ji. Ya ba da misalin mai buga tafireta da yatsunsa suka san mazaunin kowane harafi alhali in ka tambaye shi sai ya yi tunani. Mu nan ba ma rasa irinsu. Mai ƙosai tana sanin mai ya yi zafi ba tare da ma'auni ba. Ɗan acaɓa yana kutsawa tsakanin motoci biyu a cunkoson Ƙofar Ƙaura bai auna faɗin babur ɗinsa ba, domin babur ɗin ya zama jikinsa. Ido ba mudu ba, ya san ƙima.

Abin da ke ba ni sha'awa shi ne, wahalar da Merleau-Ponty ya sha wajen karya katangar da falsafar Turai ta gina tsakanin jiki da hankali, Hausa ba ta gina katangar ba balle ta rushe ta. Da kalmar ji kaɗai muke jin magana, mu ji sanyi, mu ji ƙanshi, mu ji gishiri a miya, mu ji Larabci, mu ji tausayi. Muna cewa hannunsa ya faɗa, muna cewa abu ya kwanta mini a rai. Da yarinyar ta ce ƙyallen bai zauna ba, ba ado ta yi wa magana ba, bayani ta yi daidai gwargwado: akwai nauyi da rinjaye a kan kwalin, kuma tana jin su kamar yadda mai tallan fura ke jin ƙwarya ta karkace a ka.

Merleau-Ponty bai tsaya kan manya ba. Daga 1949 zuwa 1952 shi ne ke riƙe da kujerar nazarin halayyar yara da tarbiyya a Jami'ar Sorbonne, kuma cikin abin da ya koyar akwai zanen yara. Ra'ayinsa shi ne kuskure ne a ɗauki zanen yaro a matsayin zanen babba da bai nuna ba. Yaron da ya zana mota da tayoyinta huɗu a waje duk ana ganinsu bai kasa ba ne, motar da ya sani ta hanyar zagaya ta da shiga cikinta ya sa a takarda. Malamin da ya fahimci wannan zai rage jan biro.

To amma daga ina jikin yake samo abin da yake bayarwa? Nan nake rabuwa da masu ɗaukar abin kamar wani ilhami da ke saukowa daga sama, ko wata taska da ke binne a cikin kowane yaro, malam ya kauce kawai ta fito. Husserl da Merleau-Ponty duka sun yi maganar yadda abin da mutum ya gani ya kuma aikata yake kwanciya a cikinsa sannu a hankali, kamar yadda ruwan rijiya in ya kwana a randa ƙasa ke kwantawa a gindi. Yarinyar nan ta yi shekara goma sha wani abu tana kallo. Ta je jere, ta ga gwaggonta ta ja da baya zuwa bakin ƙofar ɗakin amarya, ta karkata kai ta ce, "A'a, ku sauke wancan babban, ya danne na ƙasa." Ba a zana taswirar jere a takarda, ana ɗorawa ne ana saukewa har ido ya yarda, tun zamanin tasoshi da kwanukan samira har zuwa na yau. Ta ga aikin baduku, yadda yake huda jar fata ya shimfiɗa koriya a ƙasa ta leƙo ta cikin hudar, wanda shi ne ainihin abin da ta yi da ƙyallenta da takardar siminti. Ta ga allon zayyana ranar saukar yayanta. Wataƙila ta taɓa ɗaga kai a wani tsohon soro ta ga farantin da magina suka dasa a tsakiyar ɗaurin guga. Samarin da suka lulluɓe bangon shagonsu da kalandu da shafukan jarida, da yaran da ke ƙera motar kara da murafen kwalba, duk a wannan gona suke noma. Picasso ya shigar da liƙe-liƙe cikin zanen Turai, amma ɗora wani abu a kan wani a duba ko sun jitu ya girme shi nesa ba kusa ba. Ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958, irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, kusan abin da suka yi ta jayayya a kai da malamansu Turawa ke nan: dabarar waje ta zo ta tarar da ido na gida.

Wannan yana da wani sakamako da ba a cika faɗa ba. In jin jiki sabo ne da ya kwanta, to yana iya zama maimaici zalla. A ajin nan na lura yawancin yaran sun sa babban abu a tsakiya, sun yi wa kwalin iyaka a gefe huɗu, dama ta yi daidai da hagu, tamkar faifai ko kan hula. Kyakkyawan tsari ne, namu ne, amma in aka bar su a haka har ƙarshen zango ba abin da ya ƙaru. Saboda haka cewa malam ya naɗe hannu don kada ya ɓata wa yaro ilhami lalaci ne aka sa wa rawani. Aikinsa yana nan, wurinsa ne ya sauya. Shi ke zaɓen abin da zai shiga buhu. Shi zai ce yau ba almakashi, yagawa za a yi da hannu, ko launi uku kacal, ko kowa ya juya kwalinsa ƙasa ta koma sama ya ci gaba. Josef Albers, malami a makarantar fasaha ta Bauhaus a Jamus da aka buɗe a 1919 aka rufe a 1933, yakan tura wa sababbin ɗalibai tulin jaridu ya ce su fitar da wani abu daga ciki, su bar takarda ta yi abin da takarda ke iyawa. Ƙuntatawa irin wannan ita ke tilasta wa ido ya bar hanyar da ya saba.

Rabin darasin kuma bayan gam ya bushe yake. Abin da finominoloji ya fi amfanar malami da shi, a ganina, ladabin tambaya ne: a siffanta kafin a fassara. "Mene ne wannan?" muguwar tambaya ce, domin tana tilasta wa yaro ya ƙirƙiro suna don ya tsira, ya ce gida ne, daga nan kowa ya daina kallo. Tsohon ɗalibina ya jera ayyukan a ƙasa, ya sa yaran suka zagaye su, yana tambaya: ina idonku ya fara sauka? Daga nan ina ya nufa? Wane gefe ya fi nauyi? Ke, wane yanki kika ɗora kika cire, kuma da kika cire mi ya canza? Da farko shiru suka yi, don ba su saba da tambayar da ba ta da amsa a bayan littafi ba. Da baki ya buɗe kuwa, sai ga wani yaro yana cewa wani baƙin ƙyalle ya yi wa sauran tsawa.

A kiyaye kuma, malamin zane ba boka ba ne, ba kuma likitan ƙwaƙwalwa ba. Akwai masu ɗaukar aikin yaro su ce baƙin nan baƙin ciki ne, jan nan fushi ne. Sau da yawa baƙin ne kaɗai ya rage a buhu lokacin da hannunsa ya kai. Gaskiya ne a azuzuwan Katsina yanzu akwai yaran da rashin tsaro ya koro daga ƙauyukan Batsari da Jibiya da Safana, kuma aikin hannu da ba ya neman bayani yana iya zame wa irinsu wurin numfasawa. Wannan dalili ne na ƙara kame baki. In yaro ya so ya faɗa, a saurara. In bai so ba, aikinsa ya tsaya a matsayin takarda da ƙyalle.

Akwai abubuwa biyu da littafin da aka rubuta a wata ƙasa ba zai gaya wa malaminmu ba. Iyaye da yawa ba sa sakin jiki da darasin zane saboda batun surar abu mai rai, kuma liƙe-liƙen launi da kaushi da siffa ya kauce wa wannan damuwa gaba ɗaya, yaro ya koyi tsari da daidaito ba tare da an shiga gardama da gida ba. Na biyun ya fi muhimmanci: a tace takardu kafin su shiga buhu. Kalandunmu da jaridunmu cike suke da ayoyi da sunayen Allah, kuma ba a yanka waɗannan a shafa musu gam a watsar a ƙasa. Na ga malamin ya ware wani ƙunshi daban a cikin aljihun jakarsa tun kafin yara su shigo.

Matsalar da ban ga an warware ba ita ce maki. Rajista tana neman lamba, jarrabawar kammala ƙaramar sakandare tana neman ma'anar kolaj da jerin kayan aiki, darasi kuma minti arba'in ne a aji da benci bai ishi ɗalibai ba. Na tambaye shi yadda yake yi. Ya ce, "Malam, kyau dai ba na ba shi maki, don in na fara, nawa idon za su riƙa bi." Abin da yake dubawa shi ne ko yaro ya gwada wuri fiye da ɗaya kafin ya manna, ko ya iya faɗin abin da ya canza, ko ya iya kallon aikin wani ya siffanta shi ba tare da ya ce ya yi kyau ko bai yi ba. Ma'anar da za a haddace kuma yana ba su ita a minti biyar na ƙarshe, bayan hannu ya riga ya san abin da ake nufi. Ban ce ya gamsar da ni sarai ba, domin yaro mai kunya da hannunsa ya fi bakinsa yana iya cutuwa a wannan ma'auni, shi ma ya amsa haka.

Ajiya ma wata wahala ce. Sitaci yana kiran kyankyasai da ɓeraye, makarantar ba ta da kabad, aikin da ya kwana uku a aji sai ka tarar an ci gefensa. Don haka yakan ɗauki hoton kowanne da wayarsa kafin a tashi. Ya turo mini na yarinyar daga baya. Koren yana nan ya leƙo daga ƙarƙashin takardar siminti, amma a fuskar waya ƙyallen da takardar da fatar duk sulɓinsu ɗaya, kaushin da ta yi ta shafawa da yatsa kafin ta ce yauwa bai fito ba. Kwalin kansa ta tafi da shi gida.